Ka tona asirinka, a ba ka shekara ashirin

Akwai wani mai walda a nan Tawa, can bayan babbar kasuwa, da ya kwashe kusan shekara biyu yana fama da injin niƙa kara. Irin injin nan ne da ake zuba wa karan hatsi ko na dawa ta sama, ya fito gari-gari ta ƙasa, a haɗa da dusa da ƴar kanwa a ba tumaki idan rani ya tsananta. Injin ba baƙo ba ne a ƙasar nan, amma nasa ya fita daban. Ya sake wa wuƙaƙen zama yadda ba sa saurin dakushewa, ya kuma yi wa rariyar wata hanya da ake zare ta a mayar ba tare da an kwance ƙusa ko ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa tsugunawa cikin ƙura yana kwance injin da ya shaƙe ya san darajar wannan. Ya sayar da guda shida. Kafin damina ta faɗi, wani yaro da ya koyi aiki a hannunsa ya kafa rumfa a wata unguwa, yana ƙera irinsa sak, ya kuma karya farashi da jika goma sha biyar.

Ranar da na je karɓar ƙofar da na ba shi gyara ya tare ni da maganar. "Malam, kai da ka yi lakwal, an ce akwai wata takarda da hukuma ke bayarwa, in kana da ita babu mai kwaikwayon aikinka. Ina ake samunta, kuma nawa ce?"

Na ce masa, "Akwai ta, Maigida, sai dai ba ta yin duk abin da aka gaya maka." Da Faransanci burebe ake ce mata, sunan da in ka ambata a Nijar kowa jarrabawar ƴan kwaleji zai tuna. Ni zan kira ta takardar ƙirƙira. Amsar da na ba shi a tsaye a bakin rumfa gajera ce, kuma ban gamsu da ita ba, shi ya sa na zauna na warware zaren.

Abu na farko da mutane ba su gane ba shi ne, takardar nan ciniki ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Kai za ka rubuta yadda abinka yake aiki, dalla-dalla, da zane, har yadda wani gwanin sana'ar zai karanta ya ƙera irinsa ba tare da ya tambaye ka ba. Hukuma za ta buga wannan bayani kowa ya gani. A bakin haka za ta ba ka ikon hana kowa ƙerawa ko sayarwa ko shigo da abin har shekara ashirin daga ranar da ka ajiye takardunka. Shekarun na cika, abin ya zama na kowa. Tsarin ya tsufa: birnin Venis ya kafa dokarsa a 1474 da wa'adin shekara goma, Ingila ta yi tata a 1624 da shekara goma sha huɗu. Takarda ta farko da Amurka ta bayar, a 1790, wani Samuel Hopkins ne ya samu, kuma a kan hanyar sarrafa toka ce don fitar da gishirin da ake yin sabulu da shi. Kakanninmu mata da ke tace ruwan toka da sun ji labari da sun yi dariya.

Mu kuma tamu hanyar ta kare ilimi kishiyar wannan ce. Maƙeri ba ya nuna wa bare yadda yake shayar da ƙarfe. Mai ɗori, mai maganin maciji, baduku mai haɗa jan rini, kowa da asirin gidansu, daga uba sai ɗa, wani lokaci ma ɗa guda cikin goma. Hanya ce mai aiki, har manyan kamfanoni na bin ta: Coca-Cola ba ta taɓa neman takarda a kan haɗinta ba, don da ta nema da tuni ta tona shi, da tuni wa'adin ya wuce. Amma asiri yana da rauni biyu. In tsohon ya rasu bai faɗa wa kowa ba, an binne ilimin tare da shi, kuma ba sau ɗaya aka yi haka a ƙauyukan Adar ba. Sannan akwai abin da ba ya ɓoyuwa. Haɗin magani yana ɓoyuwa, amma rariyar inji kowa ya leƙa ya gani. Don irin waɗannan abubuwa na fili aka ƙago takardar.

To me ya hana mai waldarmu samunta? Sharuɗɗa uku ne. Dole abin ya zama sabo, ba a Tawa kaɗai ba, a duniya baki ɗaya: in an taɓa rubuta shi a wata mujalla a Japan ko an sayar da shi a wata kasuwa a Indiya, ya faɗi. Dole ya zama ba abin da kowane gwanin sana'ar zai hango da kansa ba. Dole kuma ya zama abin da ake iya ƙerawa a yi aiki da shi, ba tunani kawai ba. Sharaɗin farko ne ke kayar da mutanenmu, kuma da hannunsu. Wanda ya ƙera abu ya kai shi kasuwar Lahadi, ya sayar, ya ɗauki hotonsa ya watsa a WhatsApp, shi da kansa ya kashe sabuntarsa. Ana ajiye takarda ne kafin a nuna wa duniya. Shi kuwa injinsa shida suna can suna aiki a garuruwa shida.

Wannan sharaɗi ba ya jin kunyar kowa. Nikolaus Otto, Bajamushen da ake danganta wa injin fetur mai bugu huɗu, wato kakan injin da ke cikin kowane babur ɗin kabu-kabu da kowane injin ban ruwa a fadamar Galmi, ya samu takardarsa a 1877. A 1886 kotu ta rushe ta, saboda an tono cewa wani Bafaranshe, Beau de Rochas, ya riga ya rubuta tsarin tun 1862, ko da yake bai taɓa ƙera injin ba. Alexander Graham Bell kuwa da ƙyar ya sha: ranar 14 ga Fabrairu 1876 lauyansa ya kai takardun wayar tarho ofis, a ranar kuma aka kai na Elisha Gray. Bell aka ba, kuma har yau masana tarihi ba su daina musu a kai ba.

A ce ma mai waldar ya yi komai a kan lokaci. Ina zai kai? Nijar ba ta bayar da takardar ita kaɗai. Tana cikin ƙungiyar kare haƙƙin ƙirƙira ta OAPI mai mazauni a Yawunde, ƙasashe goma sha bakwai, galibinsu masu magana da Faransanci, ƙarƙashin yarjejeniyar Bangi ta 1977 da aka yi wa gyara a 1999 da 2015. A Yamai akwai hukumar AN2PI da ke karɓar takardu ta miƙa can. Alherin tsarin shi ne takarda ɗaya ta rufe ƙasashen duka, daga Senegal har Cadi. Amma duba taswira ka ga inda gizo ke saƙa. Najeriya ba ta ciki. Takardar Yawunde tana da ƙarfi a Konni, amma da ka taka Illelar Najeriya ta zama farar takarda. Maƙerin Sakkwato ko na Kano yana da cikakken ikon ƙera injinka ya sayar wa mutane sama da miliyan ɗari biyu, sai fa in ka je Abuja ka sake biya ka yi rajista a can. Babu wata takarda guda da ta rufe duniya. Yarjejeniyar Paris ta 1883 da wata ta 1970 sun sauƙaƙa hanyar nema ne kawai, amma kowace ƙasa ko ƙungiya da kuɗinta.

Ga kuma kuɗin shekara-shekara da ake biya don takardar ta rayu, in ka daina ta mutu. Ga na gwanin da zai rubuta maka iyakokin abin da kake da'awa, aikin da ya fi kama da shata gona: ka shata da faɗi a ce ka shiga gonar wani, ka shata a ƙuntace maƙwabci ya matsar da ƙusa ɗaya ya ce nasa daban ne. Bayan duk wannan, takardar ba ɗan sanda ba ce. Babu jami'in da zai zagaya rumfunan walda yana duba maka. Kai za ka gano mai kwaikwayo, kai za ka ɗauki lauya, kai za ka kai ƙara. A taƙaice, abin da ka saya izinin shiga kotu ne. Kamfanin da ke da lauyoyi ɗari, wannan izini takobi ne a hannunsa. Mai rumfar da ribarsa a kan inji ba ta wuce jika talatin ba, ƙarar za ta cinye injin da rumfar. Ban ma kawo maganar cewa yaron da za a kai ƙara ɗan ƙanwar matarsa ba ne.

Shi ya sa alƙaluman suke yadda suke. Ana ajiye buƙatu sama da miliyan uku a duniya kowace shekara, kusan rabinsu a Sin. Rabon Afirka gaba ɗaya bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Abin da ke isa Yawunde ɗaruruwa ne, kuma mafi yawansu daga kamfanonin waje suke, masu neman tsare kasuwar magani ko ta man fetur. Wannan ba ya nufin kanmu babu komai. Abdou Maman Kané ɗan ƙasar nan ne, shi ya haɗa na'urar da manomi ke kunna ban ruwan gonarsa da wayar salula daga nesa, har ya ci babbar kyautar ruwa ta Sarki Hassan na Biyu na Maroko a 2015. Ƙirƙira tana nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kuɗi da masana'antar da za su mai da takarda dukiya.

Kada a ɗauka ina cewa tsarin banza ne ko zalunci ne tsantsa. Wanda ya zuba dukiya da shekaru yana gwaji, in aka bar kowa ya kwafe ranar da ya fito, gobe ba zai sake ba. Malaman fiƙihu ma sun duba batun: majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa. Rigimar ba a kan asalin haƙƙin take ba. A kan iyakarsa take, kuma babu inda iyakar ta fi zafi kamar wajen magani, inda wanda aka hana ba ɗan kasuwa ba ne, majinyaci ne.

Misali mafi kusa da mu yana cikin wata ƴar leda mai nauyin giram 92. Duk uwar da ta taɓa kai ɗanta awo saboda tamowa ta san Plumpy'Nut. A 1996 wani likitan Faransa, André Briend, da Michel Lescanne na kamfanin Nutriset suka haɗa shi: gyaɗa niƙaƙƙiya, sukari, mai, garin madara, da sinadaran gina jiki. Kafin shi, yaron da tamowa ta kama sosai sai an kwantar da shi asibiti ana dama masa madara ta musamman, wadda ke buƙatar ruwa mai tsabta kuma ba ta jimawa. Uwa ta bar gona da sauran yara ta tare a gefen gado na makonni. Wannan kuwa babu ruwa a cikinsa, don haka ƙwayoyin cuta ba sa yaɗuwa a ciki, ba ya son firji, yaro na iya tsotsa da kansa a gida. A yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da dubu sittin a Nijar, mafi yawa a jihar Maraɗi, kuma galibinsu a gidajensu suka warke. Abin da aka gani a ƙasar nan yana cikin abin da ya sa hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da wannan hanya a 2007.

Mace ƴar Madawa da ta ɗanɗana za ta ce ai wannan ɗan'uwan tunkuza ne da aka sa wa madara. Ba ta yi ƙarya ba, amma ba ta faɗi duka ba. Gwargwadon kowane sinadari, da yadda za a sa su zauna cikin mai ba tare da sun lalace ba har shekara biyu, shi ne aikin, kuma a kansa Nutriset da cibiyar binciken Faransa ta IRD suka riƙe takarda. Da buƙata ta yi yawa sai hayaniya ta tashi. MSF ta fito fili ta nemi a sassauta, wasu ƙungiyoyi biyu na Amurka suka kai ƙara a 2009 suna neman a bar su su yi nasu. Hujjarsu: yara na mutuwa, kamfani ɗaya ba zai riƙe ƙofa ba. Kamfanin ya ce in aka buɗe ƙofar gaba ɗaya, manyan masana'antun Amurka masu gyaɗar da gwamnati ke tallafa wa za su cika kasuwa, su kashe ƙananan masana'antun Afirka da ya ba lasisi. Ɗaya daga cikinsu tana Yamai, wato STA, wadda ke yin abincin a gida.

Na daɗe ina juya wannan, kuma a ganina kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. Takardar ta ba kamfani ɗaya iko a kan abin da rai ya rataya a kai, wannan abin tsoro ne ko da mai ikon mutumin kirki ne. Amma ita ce kuma ta ba wata masana'anta a Yamai inuwar da ta tsaya da ƙafarta. A 2010 kamfanin ya sauƙaƙa ba da izini ga masu yi a ƙasashe masu tasowa, daga baya shekaru ashirin suka cika, takardar ta mutu. Farashin bai faɗi warwas ba, domin abin da ya fi cin kuɗi a ledar garin madara ne, shi kuwa daga waje ake sayo shi.

Inda takarda ta yi kisa a fili shi ne maganin ƙanjamau. A shekarar 2000 maganin mutum ɗaya na shekara ya haura dalar Amurka dubu goma. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta tamma biyar ba. A farkon 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai bayar a dala 350. Ya iya hakan ne saboda dokar Indiya ta 1970 ba ta ba da takarda a kan maganin kansa, sai a kan hanyar haɗa shi, don haka masanansu suka nemo wasu hanyoyin. A watan Afrilun shekarar kamfanoni 39 da suka kai gwamnatin Afirka ta Kudu ƙara suka janye don kunya, a Nuwamba kuma taron ƙungiyar cinikayya ta duniya a Doha ya tabbatar cewa ƙasa na da ikon ba wani izinin yin magani ko mai takarda bai so ba, idan lafiyar jama'a ta buƙaci haka. Yau maganin shekara bai kai dala ɗari ba. Ƙasashe mafiya talauci, har da Nijar, an ɗauke musu wajabcin kare takardun magani har zuwa 2033. Abin takaici, gyaran Bangi na 1999 ya ɗaure mu da abin da duniya ba ta tilasta mana ba, sai a gyaran 2015 aka shigar da sassaucin.

Akwai kuma waɗanda suka riƙe haƙƙin suka sake shi da gangan. Masu gano insulin, maganin ciwon sukari, a Kanada sun sayar wa jami'ar Toronto takardarsu a 1923 a kan dala ɗaya kowannensu. Kamfanin Volvo ya bar kowa ya yi amfani da bel ɗin mota da injiniyansa Nils Bohlin ya ƙago a 1959. Wanda ya fi shafarmu shi ne rigakafin sanƙarau. Waɗanda suka ga 1996 ba su manta ba: annobar ta kama mutum wajen dubu ɗari biyu da hamsin a yankin nan, ta kashe kimanin dubu ashirin da biyar. Fasahar haɗa rigakafin MenAfriVac a wani ɗakin binciken gwamnatin Amurka aka samo ta, aka miƙa wa kamfanin Serum na Indiya da sharaɗin araha, allura ɗaya ƙasa da rabin dala. A ƙarshen 2010 aka fara yi a Burkina Faso da Mali da Nijar, kuma nau'in sanƙarau da aka yi shi dominsa ya kusa ɓacewa. Takarda tana nan a cikin labarin, sai dai an yi amfani da ita wajen ɗaure farashi ƙasa, ba sama ba.

Bari in tsaya in gyara wani kuskure da nake ji a fada. Jenerik ba jabu ba ne. Jenerik magani ne na gaske da wani kamfani ya yi bayan takardar mai asali ta ƙare, ko da izininsa, kuma galibin magungunan da muke sha kullum, irin su farasetamol da amoksisilin, takardunsu sun daɗe da mutuwa. Jabu kuwa alli ne ko gari a cikin kwali mai kyau, irin wanda ake tsinta a tiren ƴan talla da rana ta gasa. Wanda ya haɗa su biyun a baki ɗaya yana tsorata talaka ne daga maganin da ya fi dacewa da aljihunsa.

Yanzu mu dawo gida, ga albasa. A ƙarshen shekarun 2000 labari ya iso cewa wani kamfanin iri da ke Senegal ya nemi OAPI ta ba shi haƙƙin mallakar irin Violet de Galmi. Ba takardar ƙirƙira ba ce kai tsaye, ƙanwarta ce da ake ba wanda ya fitar da sabon irin shuka. Manoman Galmi da Madawa da Tamaske, waɗanda kakanninsu suka yi ta zaɓen iri shekara bayan shekara har albasar ta zama mai yajin nan da jimirin zama a rudu, suka wayi gari ana neman mai da su baƙi a kan abinsu. Ƙungiyoyin manoma da gwamnati suka tashi, kamfanin ya saki sunan, ya koma kiran nasa Violet de Damani. Irin haka ta faru da dogon yaro: ofishin takardun ƙirƙira na Turai da ke Munik ya ba wani kamfanin Amurka da ma'aikatar noman ƙasar takarda a 1994 a kan maganin feshi daga mansa, Indiyawa suka kawo shaidar cewa sun riga kowa, aka soke ta a 2000. Abin lura a nan, shaida ce ta yi aiki. Ilimin da ke baki kawai, mai duba takardu a Munik ko Yawunde ba ya ganinsa. Wanda aka rubuta, ko da ajami ne, da kwanan wata, yana iya rushe da'awar kamfani.

Abin da ya dace da albasar ba takardar mutum ɗaya ba ce, domin babu mutum ɗaya da ya ƙago ta. Alamar asalin wuri ce, wadda ke cewa wannan suna na masu noma a wannan ƙasa ne, bisa wannan ƙa'ida. OAPI ta fara ba da irinta a 2013 ga masoron Penja da zumar Oku na Kamaru da kofin Ziama-Macenta na Gini, a 2023 kuma aka miƙa wa Nijar ta albasar Galmi da ta kilishi. Ta jama'a ce, ba ta mutuwa bayan shekara ashirin. Sai dai ita ma tana son mai tsaro. In buhun da ya isa Abijan ko Akara babu alamar da mai saye zai gane, in kowa na iya cusa wata albasa a ciki, to takardar ado ce a bangon ofis. Aikin yana wajen buhu da awo da ƙungiyar da za ta iya ce wa ɗanta a'a.

Na bar abin da na fi so in faɗa har yanzu. Mun saba kallon rabin cinikin da ya shafi hani, mun manta da ɗaya rabin, wato tonon asirin. Duk takardar da aka taɓa bayarwa an buga bayaninta. Rumbun Espacenet na ofishin Turai yana da takardu fiye da miliyan ɗari, kyauta, ga duk mai intanet a waya. Mafi yawansu sun mutu, ko wa'adi ya cika ko an daina biya. Waɗanda ke raye ma, kaɗan ne ƙwarai aka yi wa rajista a Yawunde, abin da ba a yi wa rajista a nan ba kuwa halal ne a ƙera shi a Tawa a sayar a Tawa. Iyakar da ta hana takardarmu aiki a Illela ita ce ta hana ta Jamus aiki a kanmu. Talaucin kasuwarmu ya sa manyan kamfanoni ba su damu su biya kuɗin tsare ta ba, sai ya zama ƙofar a buɗe take.

Haka duniya ta yi arziki da kayan da muke gani kamar daga sama suka faɗo. Keken ɗinkin da ke gaban kowane tela, manyan takardunsa sun ƙare tun 1877, shi ya sa Sinawa ke ƙera shi ba tare da sun biya kowa ba. Alƙalamin da muke kira bik, maƙwabtanmu na kudu kuma biro, sunayen mutum biyu ne: László Bíró ɗan Hangari da ya ƙago shi, da Marcel Bich da ya sayi haƙƙin ya fito da nasa mai araha a 1950. Maɗaurin takalmin yara mai ƙara idan an ɓalle, wani injiniyan Suwis ne, George de Mestral, ya ga ƙayar wata ciyawa ta manne wa karensa, ya sa ta a madubin ƙara girma, ya ga ƙananan ƙugiyoyi, ya samu takarda a 1955. Mu da ƙarangiya ke bin wandonmu tun muna yara, tsaki kawai muka yi mata. Ba ƙayar ya mallaka ba, don abin da Allah ya halitta ba a yi masa takarda. Hanyar saƙa ƙugiyoyin da zaren roba ya mallaka, ita ma ta daɗe da zama ta kowa.

Ba na cewa zane ya isa. Takarda ba ta koya maka hannu, ba ta kawo ƙarfe mai kyau ko wutar da ba ta ɗaukewa, kuma da Turanci ko Jamusanci ko Sinanci aka rubuta yawancinsu, cikin harshen lauyoyi mai murɗiya. Amma a garin da ke da jami'a da makarantun koyon sana'a, ban ga abin da ya hana malami ya zauna da ɗalibansa su tono zanen famfo, da na'urar busar da tumatir, da rumbun ajiyar albasa mai iska, su fassara wa maƙera da Hausa ba. Wannan ya fi arha nesa ba kusa ba a kan neman takardar da ba za a iya kare ta ba. Wanda kuma ya ƙago ɗan gyara na gaske, ya kame bakinsa tukuna, ya tambayi ƙaramar takardar da OAPI ke bayarwa ta shekara goma, wadda sharuɗɗanta suka fi sauƙi, ko ya yi wa sunansa rajista, tunda a kasuwarmu suna ne ke sayar da kaya.

Bayan mako biyu na koma wajen mai waldar da zane uku da na sa aka buga mini, na injinan niƙa da aka yi wa takarda a Amurka tun kafin a haifi mahaifinsa. Ya goge hannu a riga, ya shimfiɗa su a kan benci, ya danne da guduma don iska. Na tarar ya riga ya fara buga sunansa da lambar wayarsa a jikin kowane inji da ƙarfen wuta. Ya daɗe a kan zane na biyu, yana bin layin da ɗan yatsa. Can ya ɗago ya ce, "Malam, wannan Bature masara yake niƙawa. Ramukan rariyarsa ba za su ɗauki karan dawa ba. Amma yadda ya rataye gudumomin nan suna lilo, wannan ban taɓa tunaninsa ba." Ya kira yaronsa ya ce ya kawo masa alli da guntun falange.